Tsadar Kwas Ɗin Farfaɗo Da Zuciya: Me Ma'aikacin Lafiya A Maiduguri Yake Biya, Kuma Wa Ya Kamata Ya Biya?

Idan zuciyar mutum ta tsaya cak, ƙwaƙwalwarsa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 saboda yankewar jini da iskar da yake ɗauke da ita. Masana sun daɗe da ƙiyasta cewa duk mintin da ya wuce ba tare da an danna ƙirji ko an girgiza zuciyar da lantarki ba, damar rayuwa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Wannan ƙanƙanin lokaci shi ne dalilin da ya sa aka tsara wani horo na musamman da ake kira ACLS, wato babban matakin farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, domin likitoci da ma'aikatan jinya da sauran masu aiki a sashen gaggawa. Horon yana da tsada, takardar shaidarsa tana da wa'adi, kuma a mafi yawan lokuta ma'aikacin ne yake cire kuɗin daga aljihunsa.

A birni kamar Maiduguri, batun ya fi gaban lissafin albashi. Mutumin da ya yanke jiki ya faɗi a Hausari, tsohuwar unguwar 'yan kasuwa da ke maƙwabtaka da Kasuwar Monday, yawanci a Keke Napep za a ɗauke shi, domin tun shekarar 2011 aka hana hawa babura a cikin gari. Ko an nufi Asibitin Ƙwararru na Jiha da shi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da ke kan hanyar Bama, abin da zai tarar a bakin ƙofar sashen gaggawa shi ne zai yanke hukunci: shin waɗanda ke bakin aiki a wannan sa'a sun san abin yi daki-daki, kuma sun taɓa gwada shi tare?

Ya kamata a fara warware wani ruɗani da harshe ke jawowa. Hausawa kan ce "bugun zuciya" ga abubuwa biyu mabambanta. Na ɗaya shi ne toshewar jijiyar da ke kai jini ga tsokar zuciya, inda mai ciwon yake iya magana, yana kukan ciwon ƙirji da zufa. Na biyu shi ne tsayawar zuciya baki ɗaya, inda mutum zai faɗi, ba ya amsa kira, ba ya numfashi yadda ya kamata. Na farkon yana iya haifar da na biyun, amma akwai wasu dalilai da dama: zubar jini mai yawa, shaƙewa, jan wutar lantarki, guba, ko taruwar sinadarin fotasiyam a jini. Horon ACLS ya shafi duka biyun har da shanyewar ɓarin jiki, sai dai zuciyarsa tana kan na biyun.

Daga ina horon ya samo asali?

Dabarar danna ƙirji kamar yadda aka san ta a yau ta fito ne a shekarar 1960 daga wasu masana uku a Asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, wato William Kouwenhoven da James Jude da Guy Knickerbocker. Aka haɗa ta da hura iska baki-da-baki, wadda Peter Safar da James Elam suka tabbatar da amfaninta 'yan shekaru kafin nan. A wannan shekara ce kuma wani mai ƙera kayan wasan yara a ƙasar Norway, Asmund Laerdal, ya fito da mutum-mutumin roba da ake koyon aikin a kansa. Zuwa tsakiyar shekarun 1970, Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka, AHA, ta tsara kwas ɗin ACLS. Turawan Turai suna da nasu makamancinsa da suke kira ALS, kuma tun 1992 akwai kwamitin ƙasa da ƙasa mai suna ILCOR da ke tattara hujjojin kimiyya domin ƙungiyoyin su riƙa tafiya a kan turba ɗaya. Ana yi wa ƙa'idojin babban garambawul duk bayan shekara 5, kamar yadda aka yi a 2010 da 2015 da 2020 da kuma 2025.

Kwas ɗin na sabon shiga yakan ci kimanin kwana biyu. Ana sa ran ɗalibi ya riga ya ƙware a matakin farko da ake kira BLS: danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, da hura iska sau 2 bayan kowane danni 30. A kan wannan ake ɗora karanta zanen bugun zuciya a allo, domin a bambance yanayin da ke buƙatar girgiza da lantarki da wanda ba ya buƙata. Sai ba da allurar adirenalin miligiram 1 duk minti 3 zuwa 5. Sai maganin amiyodaron miligiram 300 idan zuciyar ta ƙi daidaituwa bayan an girgiza ta. Sai buɗe hanyar numfashi, da neman musabbabin da za a iya gyarawa. Daga ƙarshe akwai jarrabawar rubutu da ake buƙatar maki 84 cikin 100, da jarrabawar aiki inda ɗalibi zai jagoranci tawaga a kan mutum-mutumi yayin da malami yake sauya masa yanayin mara lafiyar ba zato ba tsammani.

Wannan sashe na ƙarshe shi ne ainihin abin da ake saya. Adadin magani yana cikin littafi, kowa yana iya haddacewa. Abin da littafi ba ya bayarwa shi ne yadda mutum shida za su yi aiki a kan gado ɗaya ba tare da hayaniya ba, wannan yana danna ƙirji, wancan yana riƙe da agogo, wani yana maimaita umarnin da aka ba shi da babbar murya kafin ya zartar. A al'adar asibitocinmu, inda ƙaramin ma'aikaci kan ji nauyin gyara wa babba, koyar da nas cewa tana da hurumin cewa "Likita, minti biyu sun cika, a sauya mai danni" ba ƙaramin sauyi ba ne.

Inda kuɗin yake tafiya

Tsadar ta samo tushe ne daga tsarin kwas ɗin kansa. AHA tana ba da shawarar malami ɗaya ya kula da ɗalibai 6 a wajen gwaji, don haka aji mai mutum 24 yana buƙatar malamai 4 masu lasisi, kowane da haƙƙinsa. Tun farkon 2019 ƙungiyar ta wajabta amfani da mutum-mutumin da ke nuna wa ɗalibi zurfi da saurin danninsa, kuma ba a ƙera irinsa a Najeriya. Haka na'urar girgiza zuciya ta koyarwa, da na'urar kwaikwayon zanen bugu, da kayan hanyar numfashi, duk daga waje ake shigo da su. Littafin ɗalibi da katin shaida na intanet kuwa, cibiyar horarwa tana sayensu ne da dala.

A nan ne canjin kuɗi ya shigo. A Amurka kanta, kwas ɗin sabon shiga yakan kama daga kimanin dala 200 zuwa 300, gwargwadon cibiya. Idan aka ɗauki dala 200 a matsayin misali, a farkon 2023 lokacin da farashin gwamnati yake kusan naira 460, kuɗin bai wuce naira 92,000 ba. Bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, wannan adadi ya koma naira 300,000 ba tare da an ƙara ko shafi ɗaya a littafin ba. Cibiyoyin cikin gida suna biyan malamai da hayar ɗaki da naira, don haka farashinsu ya bambanta daga wuri zuwa wuri, amma kason da ke rataye da dala yana hawa da sauka tare da ita. A kwatanta wannan da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024, sai a ga nauyin da ke kan sabuwar ma'aikaciyar jinya.

Ga ma'aikacin Maiduguri akwai wani kuɗi na biyu da ba ya cikin rasit. Galibin cibiyoyin da ke gudanar da kwas ɗin a kai a kai suna Legas ne da Abuja da wasu manyan biranen kudu. Daga Maiduguri zuwa Kano kaɗai tafiya ce ta kusan kilomita 600, kuma hanyar Damaturu ba a bin ta da dare saboda tsaro, ga shingayen bincike. Wanda zai je Abuja ta mota sai ya ware yini guda na zuwa da yini guda na dawowa, a kan kuɗin motar da ya ninka tun bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Wanda ya zaɓi jirgin sama kuwa, tikitin zuwa da dawowa yana iya kamo kuɗin kwas ɗin. A ƙara da masauki na kwana biyu ko uku da abinci. Sannan akwai gurbin da ya bari: a sashen da ma'aikata suka yi ƙaranci, tafiyar mutum ɗaya na kwana huɗu tana nufin wani ya haɗa aikin dare da na rana. Ga matar aure mai goyo, wannan tafiya sau da yawa ba ta ma yiwuwa, kuma mata ne mafi rinjaye a aikin jinya da ungozoma.

Duk wannan ba biya ɗaya ba ne. Katin AHA yana ƙarewa bayan shekara 2, sai a sake zama kwas ɗin sabuntawa, wanda ya fi gajarta kuma ya ɗan fi sauƙin kuɗi. Wasu suna kallon wannan wa'adi a matsayin dabarar kasuwanci, kuma ba za a ce babu ƙamshin gaskiya a zargin ba, tun da takardar ALS ta Ingila tana kai shekara 4. Sai dai bincike iri-iri sun nuna cewa ƙwarewar hannu tana fara dusashewa cikin wata 3 zuwa 12 idan ba a amfani da ita. Ma'ana, shekara 2 ma ta yi tsawo ga hannu, ko da ta yi gajarta ga aljihu.

Shaida ce ko biza?

Hukumar Kula da Aikin Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, MDCN, tana buƙatar likita ya nuna shaidar ƙaro ilimi kafin ta sabunta masa lasisi duk shekara, haka ita ma Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma tana da nata tsarin na tilas. Ana iya cika wannan sharaɗi da tarukan ƙara wa juna sani masu rahusa, don haka ba lasisin gida ne yake tura mutane ga ACLS ba. Abin da ya fi tura su shi ne kasuwar aiki. Manyan asibitoci masu zaman kansu, da kamfanonin mai, da ƙungiyoyin agaji na duniya da suka cika Maiduguri tun bayan ɓarkewar rikicin Boko Haram a 2009, duk sukan fifita mai irin wannan takarda. Asibitocin ƙasashen Larabawa na yankin Gulf da na Amurka kuwa sukan sa ta cikin sharuɗɗa ga masu aikin gaggawa.

Sakamakon haka yana da ɗaci. Wanda ya ɗaure ya tara albashin wata biyu ko uku ya biya wa kansa, da wuya ya yi haka domin ya dawwama a asibitin gwamnati inda takardar ba ta ƙara masa ko kwabo. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci fiye da 16,000 sun bar ƙasar nan cikin shekaru 5 zuwa 7, kuma a watan Agustan 2024 gwamnatin tarayya ta amince da manufa ta musamman kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Muddin horon ya ci gaba da zama jarin da mutum yake zubawa shi kaɗai, to ribarsa za ta bi mai jarin duk inda ya tafi. Ba laifinsa ba ne. Asibitin da bai biya ba ba shi da bakin cewa a tsaya.

Shin horon yana ceton rai kuwa?

Amsar tana da sarƙaƙiya, kuma tana da muhimmanci ga wanda zai kasafta kuɗin jama'a. Wani bincike da aka wallafa daga Brazil a 2007 ya nuna cewa marasa lafiyar da zuciyarsu ta tsaya a cikin asibiti sun fi rayuwa idan akwai mai horon ACLS a tawagar da ta yi musu aiki. Amma babban binciken da aka yi a lardin Ontario na Kanada, wanda aka wallafa a 2004, ya gano cewa a wajen asibiti ƙara magunguna da bututun numfashi bai ƙara yawan masu rayuwa ba a inda aka riga aka samar da girgiza zuciya cikin hanzari. Haka kuma gwajin da aka yi a Birtaniya kan mutum fiye da 8,000, aka wallafa a 2018, ya nuna adirenalin ya ɗaga yawan masu rayuwa bayan kwana 30 daga kashi 2.4 zuwa 3.2 cikin 100 kacal, ba tare da wani bambanci a yawan waɗanda suka tashi da lafiyayyar ƙwaƙwalwa ba. Ko a Amurka, kimanin mutum 1 cikin 4 ne yake fita da rai idan abin ya faru a asibiti, kusan 1 cikin 10 kuma idan a waje ne.

Abin da ake fahimta daga nan shi ne, hannu da lantarki su ne gaba, magani yana biye. Masu kallon ƙwallo sun ga wannan da idanunsu. Ranar 12 ga Yunin 2021 ɗan wasan Denmark, Christian Eriksen, ya faɗi a fili a birnin Copenhagen, aka danna masa ƙirji nan take, aka girgiza zuciyarsa, ya dawo har ya ci gaba da taka leda. Ranar 12 ga Agustan 1989 kuwa, Samuel Okwaraji ya faɗi a Filin Wasa na Ƙasa da ke Legas ana tsaka da wasa da Angola, kuma bai tashi ba.

Saboda haka takardar ACLS a ɗakin da babu na'urar girgiza zuciya mai caji, rabin amfaninta ya tafi. Maiduguri ta san wannan fiye da kowa. Birnin ya shafe dogon lokaci cikin duhu daga watan Janairun 2021 bayan da aka lalata turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, kafin a buɗe tashar lantarki mai amfani da iskar gas a watan Maris na 2023. Sai ga ambaliyar ranar 10 ga Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau, wadda ta shiga Asibitin Koyarwa ta lalata na'urori masu tsada. Shugaban asibitin da yake fafutukar maye gurbin abin da ruwa ya ci, idan aka kawo masa takardar neman kuɗin tura ma'aikata kwas, ba abin mamaki ba ne ya ajiye ta a ƙasan tari.

Amma cututtukan yankin ba sa jira. Jihohin Borno da Yobe sun yi ƙaurin suna da yawan ciwon ƙoda, kuma mai wannan ciwo da ya rasa zaman wankin ƙoda yana cikin haɗarin taruwar fotasiyam da ke tsayar da zuciya. Ana iya gane alamarsa a zanen bugu, a ba da allurar kalsiyam da insulin da sukari kafin zuciyar ta tsaya, kuma wannan yana cikin abin da horon ke nuna wa ɗalibi. Akwai kuma raunin zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, wanda arewacin Najeriya ke cikin wuraren da ya fi yawa a duniya, tun daga binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 har zuwa ayyukan Farfesa Kamilu Karaye na Kano. Ga hawan jini, ga raunukan harbi da na fashewar bam, inda tsayar da zubar jini da ƙarin jini suka fi kowace allura.

Hanyoyin rage nauyin

Hanya mafi sauƙin lissafi ita ce a juya alƙiblar tafiyar. Kawo malamai 4 da kayansu Maiduguri su horar da mutum 24 ya fi arha nesa ba kusa ba a kan tura mutum 24 Abuja. Mafi inganci daga wannan shi ne a zaɓi waɗanda suka yi fice a cikin ɗaliban a ba su horon malanta, a sayi mutum-mutumi da na'urar koyarwa sau ɗaya, ta yadda Asibitin Koyarwa da kwalejojin jinya na jihar za su riƙa gudanar da kwas ɗin ga Borno da Yobe da Adamawa. Kuɗin farko yana da nauyi, amma abin da ya rage bayansa littafi ne da kati da haƙƙin malamai.

Doka ma ta buɗe ƙofa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa, ta kuma kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗaɗen shigar tarayya. Daga cikinsa an ware kashi 5 cikin 100 ga kulawar gaggawa, wanda a kansa aka gina shirin motocin ɗaukar marasa lafiya na NEMSAS, da kashi 10 ga bunƙasa ma'aikata. A ganina, idan doka ta tilasta wa asibiti karɓar mutumin da zuciyarsa ke gab da tsayawa, horar da wanda zai karɓe shi ya zama kuɗin gudanar da asibiti, daidai da man janareta da iskar numfashi. Idan ana tsoron wanda aka horar zai tafi, ana iya ƙulla yarjejeniyar ya yi aiki na wani lokaci, kamar yadda ake yi wa waɗanda aka ɗauki nauyin karatunsu.

Ba kowa ne kuma yake buƙatar babban matakin ba. Likitocin sashen gaggawa da na gobe-da-nisa, da masu sa barci a ɗakin tiyata, da ma'aikatan ɗakin wankin ƙoda da na haihuwa, su ne a sahun gaba. Ga ma'aikacin ƙaramin asibiti a Jere ko Konduga, kwas ɗin kulawar gaggawa na matakin farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da Kwamitin Red Cross na Ƙasa da Ƙasa a 2018 ya fi dacewa, domin an tsara shi ne ga wuraren da kayan aiki suka yi ƙaranci, kuma littattafansa kyauta ne. Danna ƙirji kuwa ana koyar da shi cikin 'yan sa'o'i, kuma a unguwa irin Hausari, direban Keke Napep da ɗan kasuwa da ladanin masallaci ne suke wurin a mintunan da likita bai iso ba.

Ga ma'aikacin da ya yanke shawarar biya da kansa, akwai tarko a intanet. Shafuka da dama suna sayar da "satifiket na ACLS" cikin sa'a guda a farashi mai rahusa, ba tare da ɗalibi ya taɓa mutum-mutumi ba, kuma yawancin manyan ma'aikatu ba sa karɓarsu. AHA tana da tsarin karatu ta intanet, amma ba ta ba da kati sai an je an yi jarrabawar aiki a gaban malami ko a kan na'urar da ta amince da ita. Kafin a tura kuɗi, ya dace a tambayi sunan cibiyar da ke da rajista, a tabbatar ko farashin ya haɗa da littafi da kati da matakin BLS, a kuma tambayi wurin da ake neman aikin wace ƙungiya suke amincewa da takardarta, domin masu zuwa Ingila ALS ake nema a wurinsu. Katin AHA na gaskiya yana ɗauke da lambar da kowane ma'aikaci ko asibiti zai iya shigarwa a shafin ƙungiyar ya ga sunan mai shi da ranar da wa'adinsa zai ƙare.